IDAN WANDA AKA ZALUNTA YA SAMI MULKI

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa masu karatu, tambayar wannan mako daga cikin gidana ta fito.

Kwanakin baya na tarar da 'yata ta duƙufa a kan waɗansu littattafan Turanci guda uku, har abinci yana hucewa a gabanta. Da yake uba makiyayi ne, sai na karɓa na karanta. Wata Ba'amurkiya ce, Suzanne Collins, ta wallafa su tsakanin 2008 da 2010. Sunan na farkon The Hunger Games, watau Wasannin Yunwa.

Labarin ƙagagge ne, na wata ƙasa wai ita Panem, inda mutanen babban birni suke danne gundumomi 12. Kowace shekara akan jefa ƙuri'a a ɗauki yaro da yarinya, 'yan shekara 12 zuwa 18, daga kowace gunduma. Sai a zuba su 24 a fili guda su yi ta kashe juna har saura ɗaya, jama'a na kallo a talabijin. Wai horo ne saboda tawayen da kakanninsu suka yi. Duk wanda ya karanta wannan zai tuna da Fir'auna, wanda Suratul Ƙasas ta ce ya rarraba mutanen ƙasarsa ƙungiya-ƙungiya, yana yanka 'ya'ya maza na waɗanda ya raunana.

A littafi na uku gundumomin suka yi tawaye, suka ci nasara. Sai shugabar 'yan tawayen, Coin, ta kawo shawara a sake wasan sau ɗaya, amma da 'ya'yan mutanen birnin. A nan ne 'yata ta ce mini, "Baba, ai su suka fara. Shekara 75 suna kashe 'ya'yan mutane, don me ba za su ɗanɗana ba?"

Ban raina wannan tambaya ba, domin Musulunci bai ce wanda aka cuta ya haɗiye haƙƙinsa tilas ba. Ƙisasi yana nan a Suratul Baƙara. Amma ƙisasi a kan wanda ya yi kisan yake sauka, bayan hujja ta tabbata a gaban alƙali. Aya ta 164 ta Suratul An'am ta tabbatar da cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai, aya ta 8 ta Suratul Ma'ida kuwa ta hana ƙiyayyar da muke yi wa wasu mutane ta kai mu ga ƙin yi musu adalci. Ɗan azzalumi yaro ne kamar ɗan wanda aka zalunta, bai zaɓi gidan da aka haife shi ba.

Tarihinmu ya nuna hanyoyin nan biyu. A shekara ta 8 bayan Hijira Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga Makka da rinjaye a kan waɗanda suka kore shi, ya yi afuwa ga jama'arta, ban da 'yan ƙalilan masu manyan laifuffuka. Har Ikrima ɗan Abu Jahil ya sami aminci. Amma a shekara ta 132 Abbasiyawa suka kawar da Umayyawa da sunan kawar da zalunci, sa'an nan suka bi zuriyarsu da kisa, har Abdurrahman ya tsere zuwa Andalus. Takobi ya sake hannu, halinsa bai sake ba.

Saboda haka ba a gane mai neman gyara tun yana ƙarƙashi, gama kowa yakan yi kukan adalci sa'ad da bulala ke bayansa. Ranar da bulalar ta shiga hannunsa ake saninsa.

Iyaye, kada mu ƙwace irin waɗannan littattafai mu yi shiru, kada kuma mu bar yara da su su kaɗai. Akwai zubar da jini a ciki, sai a lura da shekarun mai karatu. Mu zauna da su mu tambaye su: da kai ne ka ci nasara, me za ka yi da 'ya'yan maƙiyinka? 'Yata ba ta amsa mini ba tukuna, na kuwa bar ta tana tunani.

Allah Ya tsare mu da zalunci, muna ƙasa ko muna sama. Amin.