JUYEN FARKO: TATTALI NE KO ƊOKI?



Na san wani zai ce, ina ruwan mujallar ƙungiyar Hausa da baƙin man mota, alhali ga waƙa, ga karin magana, ga tarihin magabata duk suna jiran mai rubutu? To, a ganina ba a manyan al'amura kaɗai ake gane halin mutum ba. Sau da yawa ƙaramin aiki, irin wanda ake gamawa tsakanin La'asar da Magariba, ya fi tona abin da ke cikin zuciya. Tambayar da nake so mu tattauna a kai ita ce: mutum ya sayi a-kori-kura sabuwa dal, kamfanin da ya ƙera ta ya ce a yi mata juyen farko in ta ci kilomita 5,000 ko 10,000, shi kuwa tun tana kilomita 1,000 ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya tsiyaye man da ta zo da shi, ya zuba sabo da hannunsa. Shin wannan tattali ne da ya cancanci yabo, ko kuwa ɓarna ce ta yafa mayafin tattali?

Asalin al'adar

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san daga inda abin ya taso. Injin mota dai ƙarfe ne yake gugar ƙarfe. Fistin yana hawa yana sauka a cikin raminsa sau dubbai a minti guda, zobban da ke jikinsa suna gogar bango. Aikin baƙin mai shi ne ya shiga tsakani ya kawo santsi, ya rage zafi, ya kuma kwashe datti ya kai wa filta, watau matacin da ke tare shi. Sabon inji kuwa tamkar sabon dutsen niƙa yake, garin farko ba ya rasa tsakuwa. A 'yan kwanakin farko ƙarafan suna cin kaushin juna har su daidaita, burbushin da suka zubar kuma cikin man yake faɗawa.

Wannan ne ya sa a da can masu ƙera motoci da kansu suke umartar a yi juye da wuri, a kuma guji gudu da lodi mai nauyi har inji ya horu, kamar yadda ba a ɗora wa sabon sa garma ya yini yana huɗa a ranar farko. Tsofaffin direbobinmu da suka tuƙa Peugeot 404 da 504, wadda muke kira Fijo, a kan wannan tarbiyya suka tashi, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, sababbin motoci suka wadata a Arewa. Har yanzu ma haka dokar take ga sabon babur.

Amma zamani riga ne. Injinan yanzu ana goge ƙarafansu sumul tun a masana'anta, matatai sun ƙara inganci, man ma ya ƙara ƙarko. Saboda haka kamfanoni da yawa suka daina neman juyen wuri. Kamfanin Honda ma ya sha rubutawa a littattafan motocinsa cewa a bar man farko ya kai wa'adinsa. Ke nan abin da yake wajibi a zamanin Fijo ya koma zaɓi a zamanin Hilux, inda kuwa aka sami zaɓi, nan ne maganar hali take shigowa.

Gardama a Danchadi

Wani hutu da na je gida Danchadi, na tarar wani kawuna mai fataucin hatsi ya yi sabuwar Toyota Hilux. Ko wata guda ba ta yi ba ya jawo ta gindin darbejiya a ƙofar gida ya kama yi mata juye. Wani malamin makaranta da ke zaune a wurin ya leƙa kwanon da man yake zuba a ciki, ya ce, "Alhaji, wanga mai ko baƙi bai yi ba. Ba ka tsoron ɓarna?"

Kafin kawu ya amsa, wani dattijo tsohon direba ya karɓe zancen, ya ce, "Malam, bar shi. Mu da munka tuƙa Fijo mun sani, icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi."

Malamin ya ce, "Baba, ai waɗanda sunka ƙera ta sun fi mu saninta."

Dattijo ya ce, "Sun san mota, amma ba su san hanyar gonakkinmu ba."

Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya, don haka bari mu auna maganganun biyu.

Hujjar malamin mai ƙarfi ce. Irin wannan mota tana shan baƙin mai tsakanin lita 5 zuwa 8, gwargwadon injinta, ban da kuɗin filta. Tun daga 2023 da aka janye tallafin fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin juye guda ya kai abin da zai riƙe ƙaramin gida na kwanaki. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa ɓarna abar ƙi ce ko a ruwan alwala, kasancewar dukiya ta mutum ce ba ta halatta masa ya watsar da ita. Wanda ya zubar da mai alhali da sauran amfaninsa, don kawai zuciyarsa ta yi sanyi, yana da tambayar da zai amsa.

Hujjar dattijon ita ma ba ta yarwa ba ce. Ƙasar Sakkwato ƙasar zafi ce, a watan Afrilu ma'aunin zafi yakan haura digiri 40. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu, wadda iska take kwaso mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Motar fatake kuma ba a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Bodinga da Shagari, take ƙare rayuwarta ba. Takan sauka ta bi rairayi da burji zuwa ƙauyuka, ɗauke da buhunan gero da wake har gindinta ya zauna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, littafin motar kansa yakan zo da jadawali biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na aikin wahala, watau ƙura da lodi da gajerun tafiye-tafiye, kuma a na biyun akan rage wa'adin juye, sau da yawa zuwa rabi. Ashe wanda ya gaggauta juye a irin ƙasarmu bai yi nisa da shawarar maƙeran ba.

Saboda haka hukuncina a kan wannan gaɓa shi ne, juyen wuri sau ɗaya ba almubazzaranci ba ne, muddin littafin motar bai hana ba. Ɓarna ita ce kashe dukiya ba tare da manufa ba. Wanda ya kashe kaɗan don ya tsare mai yawa rigakafi ya yi, rigakafi kuwa ya fi magani. Haka nan wanda ya jira wa'adin kamfani ba a ce masa ya yi sakaci ba.

Yi da hannunka

Saura maganar mutum ya yi aikin da kansa. A nan ina tare da kawuna, domin akwai wata cuta da ta kama mu, musamman mu 'yan makaranta, ta ganin ƙasƙanci ne hannu ya taɓa baƙin mai. Mutum yana da mota shekara biyar bai san inda ake duba mai ba. Aikin kuwa ba tsafi ba ne. A tayar da inji ya ɗan yi ɗumi a kashe, a tsayar da mota a wuri mai baiɗaya, a ja birkin hannu a sa wa tayoyi duwatsu, a kwance notin da ke ƙarƙashin inji mai ya tsiyaye cikin mazubi, a mayar da notin da sabon zobensa, a canja filta, a zuba sabon mai daidai awo, a tayar a duba ko yana yoyo. Kada kuma a kuskura a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Sai dai wannan yabo yana da sharuɗɗa. Na farko sani. Man da ya dace da tsohuwar Fijo, mai kauri irin 20W-50, ba lalle ne ya dace da sabon inji ba, wanda sau da yawa ya fi son mai ruwa-ruwa. Ga kuma jabun mai a kasuwa, wanda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, da aka kafa tun 1971, ta sha kamawa. Mutumin da ya zubar da man masana'anta mai kyau ya maye gurbinsa da jabu ya cuci motarsa da sunan so, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi.

Na biyu alkawari. Sabuwar mota takan zo da takardar garanti, inda dillali ya ɗauki nauyin gyara na wani lokaci bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da inda za a riƙa yin sabis. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai mai mota ya yi juye da kansa. A nan gida kuwa abin da ya kamaci mai saye shi ne ya karanta takardar da ya sa wa hannu. In ta hana, ya zaɓi ɗaya: ko ya cika sharaɗi, ko ya haƙura da garantin. Amma ya karya sharaɗi a ɓoye, in inji ya sami matsala ya je ya rantse bai taɓa ba, wannan ha'inci ne ko da ba a kama shi ba.

Na uku niyya. Wasu suna yi da kansu don sha'awar koyo, wasu kuwa don sun yanke cewa kowane bakanike ɓarawo ne, zai karɓi kuɗin galan ya zuba rabi. Gaskiya ne akwai maha'inta a kowace sana'a, amma yi wa sana'a guda kuɗin goro zalunci ne. Garin da kowa ya zama bakaniken kansa saboda tsoron ɗan'uwansa, ya rasa abin da ya fi inji tsada, watau amana.

Inda ake gane maci tuwo

Duk da haka, ya kai mai karatu, ina ganin gardamar gindin darbejiya ta tsaya ne a kan tambaya mai sauƙi. Juyen farko ba ya gaya mana komai game da halin mai mota, domin amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake yi. Kowa yana iya tarairayar sabon abu, ɗoki ne yake yi masa aikin, ba sai ya yi yaƙi da zuciyarsa ba. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ga wurare uku da miyar take ƙarewa.

Na ɗaya, juye na goma. Bayan shekara uku, fenti ya koɗe, kujera ta yage, mutane sun daina zuwa kallo, shin Alhaji yana nan yana duba mai da asuba? Mun sha ganin motar da aka yi wa juye tun kafin lokaci tana amarya, aka bar ta da mai kamar kwalta da ta tsufa, har inji ya buga. Alhali tsohon inji ya fi sabo bukatar kulawa. In aka duba, haka wasu suke yi wa aure, da sabon aiki, da karatun zangon farko a jami'a.

Na biyu, motar da ba taka ba. A ƙasarmu talaka da matsakaicin ɗan kasuwa 'yar Kwatano suke saye. Sababbin a-kori-kura da yawa na gwamnati ne da manyan ma'aikatu, an saye su da kuɗin jama'a don kai magani ko taki ko jami'an tsaro. Wa ya taɓa ganin an yi musu a kan ko a gaggauta musu juye? Abin da muka fi gani shi ne mota mai shekara uku ko huɗu an ɗora ta a kan duwatsu a harabar ofis, kaji suna ƙwai a ciki, wataƙila kuma an fitar da kuɗin sabis ɗinta a takarda. Direba ko shugaban da yake lallaɓa tasa motar, ya bar ta jama'a ta mutu, abin da yake da shi son kai ne, ko da ya kira shi tattali. Mu da muke karatu yau, gobe mu ne za a miƙa wa makullan nan.

Na uku, tsohon man. Wanda ya kai mota gareji ya bar wannan nauyi a can, wanda ya yi da hannunsa kuwa ya ɗauko shi ya aza a kansa. Ina ya kai lita 7 ɗin nan? In ya tuttular a kwata ko bayan gida, ƙasa za ta shanye, damina kuma ta tura shi inda ruwa ya nufa, a garin da mutane da dabbobi suke shan rijiya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye guda yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Man da ya yi aiki a inji kuma yana ɗauke da guba mai cutar da fata, don haka shafa shi a gyambon jaki ko sa ba magani ba ne. Abin da ya dace shi ne a zuba shi a jarka a toshe, a kai wa masu tara shi. Mutumin da ya tsabtace injinsa ya ƙazantar da rijiyar maƙwabci, me ya tattala?

Kammalawa

A taƙaice, in Allah ya hore maka sabuwar mota, ka karanta littafinta da takardar garantinta, ka dubi hanyar da za ta bi, in ka ga ya dace ka yi mata juye da wuri, ka kuma yi da hannunka in ka iya. Babu laifi a ciki, amma kada ka yi saurin kiran kanka mai tattali. Wannan suna sai bayan shekaru ake samunsa, in motar ta tsufa ba ka yi mata riƙon sakainar kashi ba, in an ba ka ta jama'a ka riƙe ta kamar taka, in kuma maƙwabcinka bai sha baƙin mai a rijiyarsa ba.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ta abin da muka mallaka da ta abin da aka ba mu ajiya. Amin.