Tsatsar da ke Ƙarƙashin Fenti

A gidaje da yawa na Maraɗi da Damagaram akwai tsohuwar mota da ta daɗe a gindin bishiya, tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wadda ake kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, aka kuma yi shekara wajen 30 ana haɗa ta a Kaduna tun daga 1975. A ce wani magidanci ya gāji irin wannan mota daga mahaifinsa, ya ƙudura zai tashe ta da hannunsa a tsakar gida. Ran da ya ɗaga tabarmar robar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, sai ya hangi ƙasa ta cikin rami. Daga nan aikin ya kawo masa tambaya: ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ya sa sabo, ko kuwa ya rufe shi ya shafa fenti?

Kafin a amsa, ya kamata a san halin tsatsa. Tana samuwa ne sa'ad da ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Ta fi ƙarfen da ta cinye girma, saboda haka takan kumbura ta ɗaga fenti, ta kuma riƙe laima kamar soso, laimar ta ci gaba da cin abin da ke ƙasa. Gishiri yana ƙara mata sauri. Shi ya sa tsofaffin motocin da ake saukewa a Kwatano daga ƙasashen Turai masu sanyi, inda ake watsa gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, sukan iso da ciwo a ƙarƙashinsu. Busasshiyar iskar Sahel tana rage ɓarnar, amma taɓon damina da ya maƙale a bayan ƙafafu yakan yi watanni yana aikinsa. Ita 504 ta ɗaukar mutane ba ta da gindin ƙarfe dabam irin na babbar mota. Jikinta ne ke ɗauke da nauyi, don haka rami a daɓenta, ko a inda ƙafa take kamawa, rauni ne a ƙashin bayanta.

Hanya biyu ke gaban magidancin. Ta fari, ya goge wurin da buroshin waya har farin ƙarfe ya bayyana, ya yanke duk abin da ya ruɓe, ya kira mai walda ya ɗinka sabon falle, sa'an nan a shafa fentin kariya ciki da waje. Wannan yana cin kuɗi da makonni, kuma in an gama babu wanda zai gani ya yaba. Ta biyu, ya cika ramin da ƙullun nan da masu gyaran jiki ke kira mastik, ya goge shi sumul, ya fesa fenti. Cikin kwana biyu mota za ta yi ƙyalli, maƙwabta su yi ta barka.

Wani zai ce, ai motarsa ce, kuɗinsa ne, wa ya cuta? Wannan magana tana da nauyi, gama talaka ba ya iya yin kome da kome lokaci ɗaya, kuma mastik ba haramtaccen abu ba ne. An yi shi domin daidaita ƴar loɓawa a kan lafiyayyen ƙarfe, a nan kuwa babu laifi. Laifin yana farawa ne inda aka sa shi ya tsaya a madadin ƙarfe. Mota ba ta zama a tsakar gida. Za ta ɗauki matarsa da ƴaƴansa, ta ɗauki mai naƙuda zuwa asibiti da dare, ta haɗu da wasu motoci a hanyar Ƙonni. Dukan waɗannan mutane sun dogara ga aikin da ba su gani ba. Wata rana kuma za a sayar da ita, mai yiwuwa ga mutumin da suke zama benci ɗaya ran Lahadi. Mai sayarwa zai iya cewa bakinsa bai furta ƙarya ba, amma fentin ya furta a madadinsa. Mai wayo yakan zo da maganaɗisu ya bi jikin motar, gama ba ya kama inda mastik ya yi kauri. Wanda ake cuta shi ne wanda ya amince da mutum har bai zo da maganaɗisu ba.

To, wanda ba shi da kuɗin walda fa? Gaskiya ba ta nemi ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba, ta nemi ya bi tsari ne kawai. Birki da farko, domin man birki yana shan laima, bututunsa kuma yana tsatsa. Sai sitiyari, da tayoyin da suka tsage don tsufa, da wuraren da ke ɗauke da nauyi. Fenti shi ne na ƙarshe. Mota mai dabbare-dabbare wadda take tsayawa in an taka birki ta fi mai kyan ɗan maciji. In kuwa ya zama dole ya sayar kafin ya gama, sai ya ɗaga tabarmar ya nuna ramin, ya karɓi kuɗin da ya dace da ita.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci. Wata motar ta wuce gyara. In tsatsa ta cinye duk inda za a kama walda, ƙaunar mahaifi ba za ta mai da ƙarfe ba, kuma kuɗin makarantar yara bai kamata ya bi ta ramin ba. Mutum mai lamiri yakan cire inji da akwatin giya su taimaki wata mota, ya sallama gangar jikin ga maƙera, waɗanda za su fitar da murhu da fartanya daga cikinta.

Amma in ƙarfen yana da sauran rai, sannu ba ta hana zuwa. Yaron da ke riƙe wa mahaifinsa fitila a ƙarƙashin motar yana kallo, yana ganin ana goge wurin da ba mai dubawa, ana shafa masa fenti kamar gaban mota. Shi ne zai tuƙa ta nan gaba, kuma ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.