Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

A bakin 'yan kasuwa aka fi jin wannan karin magana. Mutum ya ga hatsi ya yi araha da kaka, yana son ya saya ya ajiye zuwa bazara, ya laluba aljihu ya ji shi wayam, sai ya girgiza kai ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nufinsa sai da jari ake neman riba. Ya yi gaskiya, amma ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi a ƙasa.

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya mai zurfi cikin bazara, lokacin da ruwa ya ja baya har sai an ƙulla wa igiya ƙari, ya san daga inda zancen ya fito. Ka kafa ƙafa ɗaya a kan itacen bakin rijiya, wanda igiya ta riga ta ci ta yi masa layi-layi, ka saki guga, ka girgiza igiya har ka ji ya nutse, sannan ka fara ja hannu bayan hannu. Guga na farko wasa ne. Can wajen na goma kafaɗa take fara kuka. Wanda ya zo da yunwa da ƙishirwa yana hango ruwan yana ƙyalli a ƙasa, amma ba shi da abin fito da shi, in kuwa ya matsa wa kansa jiri na iya ɗibarsa ya bi gugan. Magabata da suka yi karin maganar majayin suke kallo, mu kuma kullum idonmu yana kan ruwan.

Mutanen Mahuta da sauran ƙasar Ƙafur a kudancin Katsina ba baƙin tsari ba ne. Yankin nan, daga Malumfashi zuwa Bakori da Ɗanja har Funtuwa, ya daɗe da sanin noma na lissafi. Auduga ta fara koya wa kakanni awo da sikeli. A 1975 kuma aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da na Gombe, ya saba wa manoma da takin zamani da ingantaccen irin masara. Yau ka tsayar da manomi ka tambaye shi shirin damina, ba zai yi inda-inda ba: buhu kaza na kamfa, kaza na yuriya, ranar da zai zuba na farko da ranar na biyu, kuɗin feshi, kuɗin 'yan ƙwadago a noman fari da maimai, da buhunan da yake sa rai in Allah ya ba da ruwa. Har ɗan maraƙin da zai saya ya turke ya san watan da zai fitar da shi.

To, juya tambayar kansa. Malam, kai fa? Yaushe rabonka da awon jini? Awa nawa kake barci? Me ka shirya wa jikin da zai yi wannan duƙe duka? Amsar ba ta wuce "sai godiya" ko "da sauƙi". Amsa ce ta mai ladabi da tawakkali, ba na kushe ta. Sai dai ita ce muke bayarwa ko da kai yana sarawa tun shekaranjiya.

A shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful a Ingila sun yi shekaru suna bin ƙauyukan Malumfashi, suna rubuta abin da ke kwantar da mutane: zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, saran maciji da makamantansu. Waɗannan cututtuka ne masu sallama. Suna zuwa da rawar ɗari, ko jini a fitsari, ko kumburin ƙafa, kowa ya gani ya ce a tafi asibiti. Har yanzu suna nan, shi ya sa kowace damina ake bin gida-gida wata-wata ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi. Amma an samu ƙari da ba sa sallama. Hawan jini yana iya shekaru a jikin mutum yana noma, yana cin kasuwa, yana aurar da 'ya'ya, sai ranar da aka ce ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye. Sannan ne za a fara cewa jifa ne ko iska. Abin awonsa kuwa yana nan a ƙaramin asibiti da manyan kemis: a naɗa maka ƙyalle a dantse, a hura shi har ka ji ya matse, a saki a hankali, lamba biyu su fito. In suna kai 140 bisa 90 ko fiye a awo daban-daban, magana ta zama ta likita. Duka aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Ina ganin nan ne masu ba da shawarar lafiya daga birni suke yin kuskuren adireshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ka je ka gaya wa wanda ya wuni yana huɗa da garma ya fito ya yi gudu da yamma, dariya zai yi maka, kuma yana da gaskiya. Wannan shawara ta Alhajin da ke zaune a kan buhu a shagon hatsi ce, wanda babur ke kai shi masallacin da ke bayan gidansa, lemon kwalba yana gefe tun hantsi. Shi ya ɗaura niyyar takawa zuwa salloli biyar da ƙafa, ya rage suga a shayi. Ɗan ƙwadago kuwa abin da zai sa a gaba dabam ne: ya sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama shi, ya nemi inuwa in rana ta take, ya rufe hanci da baki da hannu in zai yi feshi, ya wanke jiki kafin ya sa hannu a tuwo, kada a zuba ruwan sha ko man girki a jarkar maganin ciyawa komai wankin da aka yi mata. Uwargida kuma tata niyyar tana cikin tukunya. Gishirin da aka ce ya ishi babba a yini bai kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ga shi muna zuba gishiri mu bi shi da dunƙule uku huɗu, alhali daddawa tana nan, zogale da rama suna bayan ɗaki, waken suyan da muke lodawa a mota zuwa kamfanoni yana yin awara mai gina jikin yara. Kowa da gwargwadon abin da ya gaza a jikinsa.

Akwai kuma masu jan ruwa da ruwan aro. Kowa a yankin nan ya san su, ko da ba a faɗa. Saurayi ya karɓi jingar gona mai faɗi, yana so ya gama yau ya kama wata gobe, sai ya jefa tiramol a shayin safe. Ranar zai yi aikin mutum biyu bai ji komai ba. Gajiyar ba ta tafi ko'ina ba, bakinta kawai aka toshe. Bayan wata biyu ƙwaya ɗaya ba ta yi, sai biyu, sai uku, sai ka ji an ce ya faɗi yana fisge-fisge a gona, ko kuma ya zama ba ya iya tashi daga tabarma sai ya haɗiya. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, a 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Doka ta yi nata. Abin da ba ta iya yi shi ne ta shiga tsakanin yaro da mai gonar da ke yabonsa yana cewa wane ai inji ne. Mai ba da jinga da ya san abin da ke cikin shayin nan ya yi shiru don aikinsa ya yi sauri, yana da kaso a alhakin. Haka dattijan da ke haɗiyar maganin ciwon jiki kullum dare a kan cikin da babu komai, ba likita ba awo, su ma aro suke ci, ciki da ƙoda ne za su biya.

Zancen zuciya ya fi wuyar faɗa, don Bahaushe bai saba kai ƙarar damuwarsa ba. Namiji ba ya kuka, mace ta yi haƙuri, shi ke nan an rufe babi. Amma wanda ya ci bashin taki da tsada, kaka ta zo farashin masara ya faɗi, ya san abin da ake kira kwana ido biyu. Ƙara da halin da kudancin Katsina ya shiga a shekarun nan. Tun kafin sace ɗaruruwan ɗalibai a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume suna kwana kunne a waje, kuma tsoro ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Ƙarar babur da dare ta isa ta hana gida guda runtsawa. Ba wanda zai ce wa irin wannan mutum ya daina damuwa, zancen banza ne. Abin da yake hannunsa ƙanana ne, amma suna riƙe mutum: ya daina kwanciya da waya yana kallon bidiyon gawarwaki da ake turowa a WhatsApp, ya samu mutum ɗaya, aboki ko ɗan'uwa ko liman, wanda zai iya gaya wa gaskiyar abin da ke cinsa, ya daina ɓoye wa matarsa bashin da ita ma ta riga ta gane daga fuskarsa. In abin ya kai ga daina cin abinci, ko ƙin shiga mutane, ko jin rayuwar ta ishe shi, to ciwo ne mai magani, kuma asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna ba su fi ƙarfin tafiyar yini ɗaya ba. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Mu ne har yanzu muke riƙe da tsohuwar a baki, duk wanda ya ga likitan nan mu ce ya taɓu.

Wani zai ce ai ruwan cikin mumini imani ne, sauran duk bayani. Ban musa ba. Amma addinin da kansa bai raba su ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta littafi da ya haɗa maslahar addini da ta jiki a wuri guda, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Buhari ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya ziyarci Abu Darda ya tarar ya ƙwace wa kansa abinci da barci saboda nafila, har iyalinsa sun shiga wani hali. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa Ubangiji yana da hakki a kansa, jikinsa ma yana da shi, iyalinsa ma haka, Annabi (SAW) kuma ya gaskata shi. Mun san masu ɗaukar himma ranar ɗaya ga Ramadan kamar za su sauke Alƙur'ani kowane kwana uku, kafin goma ga wata sun koma inda suka fito. Shafi biyu bayan asuba da ba a fashi ya fi wannan nisa, kuma hadisi ya nuna aikin da ya ɗore ko ƙanƙane ne shi aka fi so. Maƙwabtanmu Hausawa Kirista na ƙasar Ƙafur da Malumfashi su ma sun san wanda ke cika coci da murya a makon farko na shekara, a nemo shi a na uku.

Saura talaka, wanda zai ce duk na ji, amma ni cikin nawa babu ko ɗigo, da me zan fara? Tambayarsa ta fi duk abin da na faɗa nauyi, kuma ba a amsa ta da wa'azi. Can da gayya ce amsar: in maigida ya kwanta ciwo a tsakiyar damina, unguwa ta fito ta nome masa gona. Mata har gobe suna da adashi. Jihar Katsina tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da ake zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, ko da yake manomin ƙauye ya fi jin labarinta a rediyo fiye da ganinta. Abin da na fi ganin zai yiwu shi ne a ɗaura niyyar kula da lafiya a lokacin da hannu yake da danshi, wato da kaka, ba watan Janairu na masu albashi ba. Ranar da ake ware buhun zakka da na iri da na biyan bashi, a ware na lafiya, a ce wannan ba na biki ba ne, ba na ƙarin aure ba ne. Daga cikinsa mai ciki za ta je awo, daga cikinsa za a sayi gidan sauro in na rabo ya yage, daga cikinsa tsoho zai sayi maganinsa.

Maganin nan ma shi ne inda aka fi faɗuwa. Tsoho ya sha na hawan jini wata guda, ya ji kai ya daina sarawa, ya ajiye. Ma'aikacin asibiti ya gan shi bayan wata uku, ya naɗa masa abin awo, ya dubi lambar ya dube shi.

"Baba, ina maganin da aka rubuta maka?"

"Ai na warke, ɗana. Na ba maƙwabcina ragowar, shi ma kansa ke ciwo."

"Wannan ba a daina shi don an ji sauƙi, Baba, kuma ba a ba wani. Sai likita ya ce a canja."

Tsohon ya yi shiru, ya tambayi kuɗin na wata ɗaya, ya mayar da shi tiyar masara a ransa, ya ninka sau goma sha biyu. Sannan ya ce a rubuta masa a takarda da manyan baƙi, zai aika wa babban ɗansa da ke Funtuwa.