Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ina aji biyar a firamare kakata ta wajen uba ta rasu, a ƙauyenmu da ke kudu da Malumfashi. Jinyarta ba ta kai wata biyu ba. Da ta ga ƙafa ta kumbura, tuwo ya daina shiga sai ɗan kunu, ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a rumfar ƙofar ɗakinta, ta ce a riƙa kira mata mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta fara da matar maƙwabcinmu. Ta ce akwai dawa tiya biyu da ta ara tun bazara, a auna a mayar yanzu tana gani. Ta aika aka kira matar ƙanen mijinta, wadda suka shekara bakwai ba sa ga maciji a kan iyakar gona, ta riƙe hannunta, suka yafi juna. Zanenta na zumuntar mata ta ce a ba wata gwauruwa da ke zuwa sujada da tsohon zane. Ni kuwa akuyarta ta bar mini.

Da la'asar Malam mai bishara na majami'armu ya zo da Littafi a hammata. Ya durƙusa zai fara addu'a ke nan ta ɗaga hannu.

"Malam, kada ka roƙa mini ƙarin kwana. Na ci nawa, na ga jikoki. Sauka lafiya za ka roƙa mini."

"To, Inna, haka za a yi."

Bayan kwana uku ta cika da asuba. Kafin rana ta take samari sun gama haƙa, har da maƙwabtanmu Musulmi da suka zo da diga da shebur. Kafinta ya haɗa akwati da katakon da ya samu. Matan zumunta suka jeru suna buga tulu suna waƙa har makabarta. An yi kuka, babana ma ya yi, amma ban ga firgici a fuskar kowa ba. Abin da na riƙa ji a bakin manya ranar shi ne, "Ta yi barci."

Bara kuma na je duba wani kawuna a asibiti a birni. Dattijon ikilisiya ne, ya haura saba'in, ƙoda ta gaza, shi ma ya san ta gaza. Ina zaune ya yafito babban ɗansa, ya fara cewa, "Takardun filin nan na bayan gari, idan na..." Bai ƙarasa ba ɗakin ya ɗauka. "Kul, Baba! Kada ka kira wa kanka mutuwa! Mun ƙi! Ba rabonka ba ne!" Wata ta zaro kwalbar man zaitun daga jaka ta shafa masa a goshi, aka kaure da addu'a da ƙarfi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Tsohon ya dube mu, ya juya fuska bango. Bayan kwana biyar ya tafi da maganarsa a ciki.

Gawarsa ta yi mako biyar a mutuware. Aka kafa kwamiti, aka buɗe zauren WhatsApp na karo-karo, aka fitar da anko kala biyu, na 'ya'ya daban na dangi daban. Aka buga riguna da hotonsa, da ɗan littafi mai sheƙi na tarihinsa. Ranar jana'iza ga rumfuna, ga mai ɗaukar bidiyo, ga abinci a robobi ana wawaso. Fasto yana tsakiyar wa'azi wani ɗan siyasa ya iso, aka katse shi don a yi wa baƙo maraba. Da taro ya watse, gwauruwar ta tashi da bashin da har yau ba ta gama biya ba. Ba a yi wata guda ba wani mai kiran kansa annabi ya gaya wa 'ya'yan cewa wata gwaggonsu ce a ƙauye ta kama kurwar ubansu. Tsohuwar da ta goya shi, yanzu babu mai gaishe ta.

Tsakanin rumfar kakata da ɗakin asibitin nan, me ya faɗi a hanya? Littafin bai canza ba. Majami'unmu sun fi na da girma, masu digirin tauhidi sun fi yawa, amsa-kuwwa ta fi ƙara. Abin da ya ɓace shi ne natsuwar mai bi a gaban mutuwa. Tsoron da iyayenmu suka yar a ƙofar majami'a, mun tsince shi mun shigo da shi har gaban bagade.

Kakata a gidan tsafi aka haife ta. Ta san zaman da kowane zazzaɓi na da mai shi, kowace mutuwa akwai wanda ya ci. Ta san yankan baƙin bunsuru, da laya a wuyan jariri, da tsoron wucewa gindin tsamiya da tsakar rana. Ranar da ta ba da gaskiya, da hannunta ta zuba layunta a wuta, kuma abin da ta fi ambata a shaidarta shi ne tun daga ranar take barci. Yau jikokinta masu takardun makaranta suna bin layi don sayen ruwa a roba da ƙyalle da man shafawa, wai maganin mutuwar farat ɗaya. Laya ce da guru, suna kawai aka sake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar daga wa'azi ta fara. Mun saba da jin cewa mai bi na ƙwarai ba ya ciwo, ba ya talauci, ba ya mutuwa sai ya tsufa tukuf. Wanda aka ciyar da wannan shekara ashirin, ranar da likita ya girgiza kai dole ya nemi wanda zai ɗora wa laifi: ko bangaskiyar majinyaci ta kasa, ko akwai mayya a dangi.

Alhali bisharar nan a kan kaburbura ta shigo ƙasarmu. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa, ciwo ya sake korarsa, sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin ECWA ta fito a 1954. A ƙasar Zazzau, Isawan da suka karɓi bishara ta hannun ɗan mishan Dokta Miller sun kafa ƙauyensu a Gimi, ciwon barci ya shiga ya kwashe da yawansu. Waɗanda suka saura ba su ce Allah ya yashe su ba, suka koma Zariya da bangaskiyarsu, zuriyarsu na cikin waɗanda suka raya Wusasa. A Garkida, inda aka yi sujadar farko ta Ekklesiyar 'Yan'uwa a gindin tsamiya a 1923, ba a yi shekara biyu ba ɗan mishan Stover Kulp ya binne matarsa da jaririnsu, ya kuma ci gaba da aiki. Da mutanen nan wa'azin "ba rabona ba ne" suka taso da shi, da babu wanda zai wuce bakin teku.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen da ne. A watan Janairu na 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na EYN, shugaban CAN na Michika. Duk wanda ya ga bidiyon da suka fitar ya ga mutum zaune a natse, yana yabon Allah, yana roƙon a kula da iyalinsa, yana gaya musu kada su damu ko da bai dawo ba. A cikin watan suka kashe shi. Irin wannan natsuwa ba a ƙirƙirarta a gaban bindiga. Mutum ya daɗe yana tara ta, ranar buƙata ya ɗebo.

Daga ina ake samunta? Daga abin da muke furtawa kowace Lahadi, muna kuma bikinsa kowace Ista: kabarin da aka sa Yesu Almasihu ranar Juma'a, wayam aka tarar da shi ranar Lahadi. In mun gaskata haka, mutuwa ta zama hanyar da Mai Cetonmu ya riga ya bi ya dawo ya ce akwai wucewa. Sura ta 15 ta wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda ake yawan karantawa a bakin kabari, da shuka ta kwatanta binne mai bi, kuma babu wanda ya kai manomi fahimtar wannan. Yakan sari rami, ya jefa irin da ya hana 'ya'yansa ci duk rani, ya take da diddige, ya koma gida ya ci tuwonsa. Ba ya zaman makoki a bakin kunya, domin ya san abin da ke tafe.

Ba cewa nake a daina kuka ba. Ubangiji kansa ya zubar da hawaye a Betanya, a bakin kabarin abokinsa Li'azaru, ya kuma sha wahalar rai a Gatsemani daren da za a kama shi. Rabuwa da ciwo take, wanda ya hana gwauruwa kuka da sunan bangaskiya ya zalunce ta. Ba kuma cewa nake a ƙi asibiti ko a daina roƙon warkarwa ba. A kai majinyaci wurin likita da wuri, a sayi magani, a yi addu'a da zuciya ɗaya. Mishan ɗin da suka kawo mana Littafi su suka gina asibitocin Vom da Wusasa da Garkida. Amma addu'ar da ba ta da wurin cewa a yi nufin Allah, umarni ce muke ba shi, kuma bawa ba ya umartar Ubangijinsa.

Saboda haka, ya ku shugabanninmu, fastoci da dattawa: ku dawo da zancen mutuwa kan bagade tun mutane na da lafiya. Shekara ta zagayo ba a yi wa'azin tashin matattu ba sai ranar jana'iza, ranar da rabin jama'a ke lissafin ko abinci zai kai. In kun je duba wanda jikinsa ya yi nisa, ku sallami masu hayaniya, ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi ko akwai abin da ke ransa. Ku kai masa Jibin Ubangiji. Ku kuma sa wa bikin jana'iza linzami, domin talaka na kallon abin da mai kuɗi ya yi, yana cin bashi don kada a ce bai girmama ubansa ba. A nan maƙwabtanmu Musulmi sun isa misali. Shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'adua ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010 yana kan mulki, washegari aka binne shi a Katsina cikin likkafani irin na kowa. Mu da muke cewa mai bi barci ya yi, me ya sa sai mun sayar da gona kafin mu kwantar da shi?

Ku kuma 'ya'ya, in tsoho ya fara maganar bayan ransa, ku bar shi ya kai aya. Faɗin mutuwa ba ya kawo ta, yin shiru ba ya korar ta. Kuɗin da za ku kashe a akwati mai hannun zinariya, ku saya masa magani da nama yau yana iya taunawa. Yabon da za ku buga a littafi mai sheƙi, ku faɗa masa a kunne yana ji. In ya tafi, kada ku bi mai duba ko da ya rataya gicciye. Ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda suna da suna, likita ya faɗa muku, ku bar tsofaffin ƙauye su ƙarasa kwanansu da mutunci.

Mu kuma da furfura ta fara yi wa sallama, ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta wasiyya, a sa shaidu, a faɗi abin da ke na matar gida tun kafin dangin miji su zo da kwado su rufe ɗaki. A faɗi bashin da ake bin mu da wanda muke bi. Wanda muka shekara ba ma gaisawa, a taka a je gidansa tun ƙafa na ɗauka. Mutuwa rigar kowa ce, mai bi kuwa ya san wanda zai tarbe shi in ya sa ta, don haka ba shi da dalilin ɓoye kai kamar ɓarawo ya ji motsin mai gida.

Filin kawuna na bayan gari yana gaban alƙali yanzu. An birkice ɗakinsa kaf ba a ga takardun ba, 'ya'yan ɗaki biyu sun daina zama a benci ɗaya ranar Lahadi. Kakata ba ta san ko harafi ɗaya ba, dukiyarta duka ba ta cika amalanke ba, amma ba ta bar wa kowa rigima ko ta tiya guda ba. Matar da suka yi sulhu ita ta yi mata wanka, ita ta ja waƙa a gaba har bakin kabari. Allah ya ba mu irin wannan sauka, ya kuma ba 'ya'yanmu haƙurin saurarenmu in ranar ta matso. Amin.