Ma'aikatan Boɗinga da Shagari, Ku Ɗaga Kai!

Malamin da ke fama da alli, manomin fadama, akawun ƙaramar hukuma, mai ɗinki da mai faci a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega: da ku nake. Kada wanda ya raina aikin hannunsa, domin ƙasarku ta riga ta nuna abin da ƙaramin aiki ke haifarwa.

A garin Shagari aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Ya yi elemantare a Yabo, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Da ya gama, aji ya shiga, ya koyar a Sakkwato da Argungu. Daga nan jama'a suka tura shi Majalisar Wakilai a 1954, ya zama minista a gwamnatin Tafawa Ɓalewa. Da sojoji suka kifar da gwamnatin a 1966, bai zauna yana kukan mulki ba. Gida ya dawo, ya kama noma da hidimar ilimin yaran lardinsa. Wannan juriya ce ta kai shi kujerar Shugaban Ƙasa a 1979.

Ku tuna kuma, a zamaninsa ne, a 1981, aka kafa dokar mafi ƙarancin albashi na naira 125. Ba daga sama ta faɗo ba: ma'aikata ne suka haɗa kai ƙarƙashin jagoransu Hassan Sunmonu, suka yi yajin aiki, gwamnati ta saurara. Haƙƙi sai an tashi ake samunsa, zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Daga garin Shagari dai Mukhtar Shehu Shagari ya fito, ya karanci shari'a, ya zama lauya, ya riƙe ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya, ya yi Mataimakin Gwamnan Sakkwato daga 2007 zuwa 2015. Ku kuma mutanen Boɗinga, Sifawa taku ce, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa da rubuce-rubuce.

Gaskiya ne albashi ya gaza, taki ya yi tsada. Amma gadonku ilimi ne da aiki. Ku riƙe amana, ku haɗa kai, ku nemi haƙƙinku ba tsoro, ku sa 'ya'yanku makaranta, maza da mata. Allah Ya sa albarka a guminku.