Kunya da Tsoron Ido: Hukuncin Dariyar da Wawan Ingila Ke Jawowa a Gidajen Figil

Figil gari ne a gundumar Mayo-Luti ta Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Garwa ta nufi Marwa, kuma an fi saninsa da masana'antar siminti ta Cimencam da farin dutsen da ake haƙowa a kewayensa. Aikin masana'anta da zirga-zirgar manyan motoci da kusancin iyakar Cadi sun tara masu harsuna dabam-dabam a wuri ɗaya: Gidar, waɗanda su ne 'yan ƙasa, da Fulani da Hausawa da Mundang da ma'aikatan da suka hauro daga kudu. Fulatanci ne ke haɗa su a kasuwa, Faransanci kuma a ofis da makaranta, alhali Ingilishi, duk da kasancewarsa ɗaya daga cikin harsuna biyu na hukuma, ba shi da wani ƙarfi a bakin jama'a. Saboda haka abin tambaya ne yadda wasan ban dariya da aka shirya wa talabijin ɗin Ingila ya sami masauki a irin wannan gari, kuma a bayan wannan tambaya akwai wadda ta fi ta nauyi ga mai kula da addininsa, wato ko dariyar da ake yi wa wawan da ke cikin akwatin talabijin tana daga cikin raha da aka halatta ko kuwa izgili ne da aka yi masa ado.

Yawancin wasannin ban dariyar Ingila ba su taɓa ƙetare shingen harshe ba. Fawlty Towers, wanda John Cleese da Connie Booth suka rubuta kashi 12 kacal a 1975 da 1979, da Yes Minister na farkon shekarun 1980, duka sun dogara ne ga gugar zana da habaici, waɗanda ba sa rayuwa idan an ɗauke su daga harshen da aka ƙulla su. A Nijeriya, inda ake karatu da Ingilishi, gidajen talabijin na gwamnati sun daɗe suna nuna Mind Your Language da Some Mothers Do 'Ave 'Em, har manya na yau suna tuna su. Amma a Kamaru, inda talabijin ɗin ƙasa bai fara aiki ba sai a 1985, arewacin ƙasar ya fi samun abin dariyarsa daga shirye-shiryen Faransanci da kuma finafinan Kano da ke shigowa ta Mubi da Yola, musamman na Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Wanda ya tsallake duk wannan shinge shi ne Mr. Bean, da Rowan Atkinson da Richard Curtis suka ƙirƙiro, aka nuna shi kashi 15 tsakanin 1990 da 1995. Mutumin ba ya magana sai ɗan gunaguni, don haka kaset da faifai da tauraron ɗan'adam, sannan daga baya masu tura finafinai a waya, suka kai shi inda ba a buƙatar tafinta. Sai dai rashin magana yana bayyana dalilin da ya sa ake fahimtarsa ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa ake sake kallonsa ba.

Masanin falsafar Ingila Thomas Hobbes, a littafinsa Leviathan na 1651, ya tafi a kan cewa dariya jin fifiko ne da ke taso wa mutum farat ɗaya idan ya ga nakasu ko kasawa a jikin wani ya gwada da kansa. Idan wannan ra'ayi ya tabbata, to shari'ar ta ƙare tun ba a zauna ba, domin aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma kafa dalili da cewa mai yiwuwa waɗanda ake rainawa sun fi masu rainin alheri. Masu tsananta hukunci suna ƙara hadisai biyu sanannu: wanda ya yi gargaɗin azaba ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, da wanda ya nuna cewa yawan dariya yana kashe zuciya. A wurinsu ɗan wasa maƙaryaci ne da sana'a, mai kallo kuma abokin tarayyarsa ne. Wannan matsayi ba abin yi wa dariya ba ne, kuma akwai malamai na wannan zamani da suka haramta wasan kwaikwayo ɗungurungum a kansa.

Amma hujjar ƙarya ita ce mafi rauni a cikinsu. Ƙarya tana tabbata ne inda aka yi nufin sa wani ya gaskata abin da ba haka yake ba, alhali wanda ya zauna gaban talabijin ya san cewa Atkinson, wanda ya karanci injiniyancin lantarki a jami'o'in Newcastle da Oxford, ba wawa ba ne, kuma Atkinson ya san an sani. Zaurukan ilmi na ƙasar Hausa da Adamawa sun daɗe suna karantar da Muƙamat na Hariri, wanda ya rasu a 1122, littafin da gwarzonsa Abu Zaid ɗan damfara ne da ba a taɓa haifa ba, kuma ba a ji an kira mai karantar da shi mai yaɗa ƙarya ba. Ibnul Jauzi, malamin Hambaliyya mai wa'azin da ke sa jama'a kuka a Bagadaza, ya tattara littafi guda na labaran wawaye da gafalallu. Shi kuwa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya zo lissafa illolin harshe a Ihya'u Ulumiddin ya raba raha da izgili: abin zargi a raha shi ne wuce iyaka da mayar da ita ɗabi'a, izgili kuwa yana haramta ne saboda cutar da yake yi wa wanda aka raina, har ya nuna cewa wanda ya mayar da kansa abin dariya da son ransa, yana kuma jin daɗin haka, dariyar da aka yi masa ta koma cikin babin raha. A wannan ma'auni wawan sarki da ɗan kama da Ibro da Atkinson duk suna layi ɗaya.

Wannan ya kawar da haramci, amma bai taɓa zuciyar al'amarin ba, wato abin da ake yi wa dariyar. Kashi na farko na Mr. Bean, wanda aka nuna ranar 1 ga Janairun 1990, ya isa misali, domin fage uku ne a cikinsa kuma dukkansu abu guda suke nunawa. A ɗakin jarrabawa yana ƙoƙarin leƙa takardar maƙwabcinsa ba tare da an gan shi ba. A bakin teku yana shan wahalar sauya wando a gaban wani mutum da ke zaune kusa, yana murɗe-murɗe don kada a ga tsiraicinsa, sai bayan ya gama mutumin ya miƙe da sandarsa, ashe makaho ne. A coci kuma yana fama da gyangyaɗi, yana neman hanyar jefa alewa a baki ba tare da na kusa da shi ya lura ba. Ba a ga inda ya tsaya ya tambayi kansa ko abin da yake yi daidai ne ba. Duk dabararsa, kuma yana da ita da yawa, tana ƙarewa ne wajen kauce wa ido.

A nan ne mai kallo na Figil ya fi ɗan Landan kayan fahimta. Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya, ta Bafulatani kuma a kan pulaku, wato tsarin ɗabi'un da ake sa ran ɗan Fulani ya riƙe, wanda ginshiƙinsa shi ne semtende, kamewa da jin nauyin mutane har a wajen ci da sha da bayyana buƙata. Musulunci ya ɗaukaka wannan hali, ya sa kunya cikin rassan imani, amma ya bambanta iri biyu da suke kama da juna a waje. Akwai kunyar da ke hana mutum aikata abu ko da yana shi kaɗai, wadda tushenta ihsani ne, wato bauta wa Allah da sanin cewa Yana gani ko da bawa ba ya gani. Akwai kuma tsoron idon jama'a, wanda ba ya hana aiki sai dai ya koya wa mai shi ɓoyewa, kuma ɗan'uwan riya ne, wato yin abu don mutane su gani. Mr. Bean mutum ne da aka cire masa ta farko gaba ɗaya aka bar masa ta biyu ta yi girma, shi ya sa wahalar da ya sha a gaban makaho take da ban dariya har ga wanda bai taɓa ganin teku ba: ya biya farashin kunya cikakke ga idon da babu shi. Wanda ya taɓa gyangyaɗi ana huɗubar Juma'a, ya farka yana gyaɗa kai kamar mai tabbatar da maganar liman, ba daga sama yake kallon wannan wawa ba. Abin da ya ɓoye ne aka fito da shi fili a jikin wani, aka ba shi damar yi masa dariya ba tare da an ambaci sunansa ba. Ra'ayin Hobbes bai kama wannan dariya ba, domin babu fifiko a cikinta, kuma ana iya cewa ta fi kusa da hisabin kai fiye da raini. Ingilawa, da tsarinsu na ajin mutane da tsananin gudun abin kunya a bainar jama'a, sun mayar da wannan jijiya abin haƙa, kamar yadda Keeping Up Appearances ya nuna a tsawon shekarun 1990 zuwa 1995 da matar da ta ƙarar da rayuwarta wajen ɓoye danginta talakawa.

Ba dukkan abin da Ingila ta fitar ne ya tsira da wannan hujja ba. Mind Your Language, wanda ya fara a 1977, aji ne na baƙi masu koyon Ingilishi a Landan, inda Ba'indiye da ɗan Pakistan da Bajamushiya da Bafaranshiya kowa ya zama abin dariya saboda karyayyen harshensa da halin da aka laƙaba wa ƙabilarsa, har shugaban shirye-shiryen tashar da ke nuna shi, Michael Grade, ya dakatar da shi a 1979 saboda wannan dalili. Mai kare shi zai ce ai Hausawa ma suna da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, ko tsakanin taubasai da tsakanin jika da kaka. Bambancin shi ne barkwancin gargajiya yana da ramuwa: wanda aka tsokana yana wurin, yana da haƙƙin mayar da martani daidai da abin da aka yi masa, kuma wasan kansa shaida ne na zumunci da amana da suka riga shi. Inda ɓangare ɗaya ne ke riƙe da alƙalami da kyamara, ɗayan kuma ba shi da baki, wasan ya zama hukunci. Finafinan Kano ba su kuɓuta daga wannan ba, idan aka tuna yadda aka riƙa fito da Bagware a matsayin mai gurɓatacciyar Hausa da ƙarancin wayo. A gari kamar Figil, inda kusan kowa yake magana da harshen da ba na uwarsa ba sau da yawa a yini, wannan nau'in dariya yana da wanda zai faɗa wa a kai da zarar an kashe talabijin. Haka kuma yaran da suka fito daga kallo suka laƙaba wa wani mai taɓin hankali na unguwa sunan wawan da suka gani sun fita daga rangwamen da Gazali ya yi, domin shi wannan bai zaɓi zama abin dariya ba, kuma ayar Hujurat ɗin nan ita ce ta hana jifan juna da munanan laƙabi.

Fagen coci yana buƙatar tsayawa kaɗan, tun da Figil gari ne da Musulmi da Kirista suke maƙwabtaka. Abin da aka yi wa dariya a wurin raunin mai ibada ne, ba abin bautarsa ba, kuma al'adar Hausa ta san wannan iyaka tun daɗewa, domin 'yan kama sukan kwaikwayi muryar malami da salon karatunsa su cika shi da zancen tuwo da miya, malamai da yawa kuma su yi murmushi su wuce. Abin da ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba suka yi tsanani a kansa shi ne mayar da Allah da ayoyinsa da Manzonsa abin wasa. Al'adar barkwancin Ingila ba ta yarda da wannan iyaka a matsayin doka ba: fim ɗin Life of Brian na ƙungiyar Monty Python ya tayar da ƙura a tsakanin Kiristoci a 1979, Atkinson da kansa kuma ya fito a 2005 yana adawa da ƙudurin dokar hana tunzura ƙiyayyar addini, bisa hujjar cewa addini ra'ayi ne da ya halatta a soka. Don haka amincewa da wasa ɗaya ba ta zama amincewa da gidan da ya fito ba.

Kallon gida yana da nasa alƙalin da gidan kallo na kuɗi ba shi da shi. A falo ko tsakar gida ana zaune ne da uba da ɗan fari, wani lokaci da suruka, mutanen da kunya ta hana su haɗa ido balle su ƙyalƙyale tare, kuma wannan zama shi ke tace abin da za a kalla ba tare da an buɗe littafi ba: wasan ban dariyar Benny Hill, da 'yan matansa masu guntayen tufafi, ba ya daɗewa a irin wannan wuri, fagen da wandon Mr. Bean ya suɓuce a wurin ninkaya ma yakan sa wani ya tashi neman ruwan sha. Jahiz na Basra, a littafinsa na marowata, ya lura cewa dariyar mutum shi kaɗai ba ta kai ta wanda ke cikin jama'a ba. Wayar hannu ta juya wannan lissafi, domin ta mayar da kallon na mutum ɗaya, guntu bayan guntu ba iyaka, babu dattijon da zai ce ya isa, babu kuma ɗaukewar wutar lantarki da za ta tashi zaman muddin batir na da caji. Sharaɗin da Gazali ya fi nanatawa, wato kada raha ta zama abin da aka dawwama a kai, a da tsarin gidan ne ke tsare shi, yanzu kuwa ya koma hannun mai riƙe da wayar.