Kalmar "Bawa" Tsakanin Gori da Ibada

A yankunan Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa ta ƙasar Nijar, akwai mutanen da kalmar "bawa" ko "baiwa" ke tayar wa hankali ko da an faɗe ta da kyakkyawar niyya, domin da ita aka riƙa yi musu gori tun suna yara, a bakin rijiya da makarantar allo, daga baya kuma a wajen neman aure. Gori, wato tuna wa mutum asalinsa ko wani abu da ya wuce domin a muzanta shi, ba ya ƙarewa ranar da aka daina yin sa, saboda gaban mutum yakan faɗi da jin kalmar tun kafin hankalinsa ya tantance abin da mai magana yake nufi.

Abin ya fi tsanani ga wadda aka riƙe a matsayin wahaya, wato macen da ake saye a ajiye bayan mata huɗu, ba sadaki ba ɗaurin aure, daka da ɗebo ruwa da aikin gona duk suna kanta. Irin wannan rayuwa Hadijatou Mani ta yi tun daga 1996, lokacin da aka sayar da ita tana da shekara 12, har zuwa 2005 da aka ba ta takardar 'yanci. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa ƙasar Nijar ta gaza kare ta, duk da dokar 2003 da ta mayar da bauta laifi, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Wahalar da ke cikin lamarin ta fuskar addini ita ce, wannan kalma ba ta gujuwa. Da "bawan Allah" da "baiwar Allah" ake kiran baƙon da ba a san sunansa ba cikin girmamawa, da ita ake wa'azi, kuma ubudiyya, wato miƙa wuya ga Allah shi kaɗai, ita ce maƙamin da aka yabi annabawa da shi. Shawarar da aka saba bayarwa, cewa mai ciwon ya yi haƙuri ya manta, tana ɗora nauyin a kan wanda aka cuta, alhali shari'a ta fara ne da mai yin gorin. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Abu Zarri da ya yi wa wani mutum gori da uwarsa, ya ce har yanzu akwai jahiliyya a tare da shi. An kuma ruwaito cewa Annabi ya hana mutum ya kira wani bawansa ko baiwarsa, tunda kowa na Allah ne.

A nan ne mai ciwon yake da madafa. Tauhidi, wato kaɗaita Allah, ya ƙunshi cewa babu ɗan Adam da ya cancanci a yi masa bautar da ake yi wa Allah, don haka wanda ya ce shi bawan Allah ne yana ƙwace kalmar ne daga bakin wanda ya yi masa gori. Wannan ba ya samuwa dare ɗaya, sai mai ciwon ya sake jin kalmar sau da yawa daga bakin mutanen da ya amince da su, a wuraren da ba a nufe shi da wulaƙanci ba, har faɗuwar gaban ta ragu. Yana kuma buƙatar a yarda a fili cewa an zalunce shi, domin Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa, Suratush Shura kuma ta yabi yafiya ba tare da ta zargi mai neman haƙƙinsa ba. Limamin da ke kiran jama'a bayin Allah a huɗuba, sannan ya yi shiru idan aka hana wani yaro aure saboda an binciko bauta a asalin kakarsa, ya bar wannan aiki duka a wuyan yaron.